Dillalan Da Ba Su Karɓar La'ada: Aikin Enzayim A Jikin Ɗan Adam Da Hukuncin Cuku

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakanin 'yan kasuwa masu sayar da kayan abinci na waje, da kuma ma'aikatan da aiki kan kai su ƙasashen Turai. Tambayar ita ce, mene ne hukuncin cukun da ake yi a ƙasashen da ba na Musulmi ba? Wani ya ce ai madara ce kurum, madara kuwa halal ce. Wani ya ce a'a, shi ya ji an ce har da alade a ciki. Gaskiyar al'amari ita ce, madara ba ta daskarewa ta zama irin wannan cuku sai an ɗiga mata wani abu, kuma a kan wannan abin ne malaman fiƙihu suka yi magana tun fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Larabawa suna kiransa infaha. Masana kimiyya kuwa sun gano cewa abin da ke aiki a cikin infaha ɗaya ne daga cikin dubban ƙananan ma'aikata da Allah Ya zuba a jikin kowane mai rai, waɗanda ake kira enzayim. Malamai sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi. Saboda haka bari mu fara sanin waɗannan ma'aikata, sa'an nan mu komo kan cuku.

Kasuwar da ba ta tashi

Jikin babban mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta wajen tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya iya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya ɗaya kamar kasuwa ce wadda ba ta tashi dare da rana. A cikinta ana farfasa abinci, ana fitar da ƙarfi daga gare shi, ana gina sabuwar tsoka, ana kashe guba, ana kwashe shara.

To, ga abin mamaki. Idan ka zuba sukari a kwano ka rufe, zai shekara goma yana nan yadda yake, ko da yake ga iska kewaye da shi. Ba zai ƙone ba sai an sa masa wuta mai tsanani. Amma wannan sukarin idan ya shiga jikinka, nan da nan ake ƙone shi a samu ƙarfin tafiya da magana da tunani, alhali kuwa ɗumin jikin mai lafiya bai wuce digiri 37 ba, ɗumin da ko ruwan shayi ba zai tafasa ba. Ashe akwai wani shinge da ke hana abubuwa sauyawa da kansu, kuma akwai mai rage tsawon wannan shinge a cikin jiki. Shi ne enzayim.

'Yan kasuwa za su fi kowa saurin fahimtar aikinsa, domin kuwa dillali ne. Ga mai saniya yana son sayarwa, ga mahauci yana son saye, amma sai su wuni a kara ba su haɗu ba. Da dillali ya shigo, sai ya kamo hannun wannan ya kamo na wancan, kafin a jima an sallama. Saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ba nasa ba ne, kuma da an gama sai ya juya ya nufi wani cinikin. Haka enzayim yake. Yana gaggauta sauyi, amma shi ba ya sauyawa, ba ya ƙarewa a cikin aikin. Kuma kamar yadda dillali ba ya iya ƙulla ciniki inda babu mai niyyar saye ko sayarwa, haka enzayim ba ya tilasta abin da ba zai yiwu ba. Abin da dama zai faru a hankali shi yake hanzartawa. Bambancinsu guda ne: wannan dillalin ba ya karɓar la'ada.

Kowane dillali da hajarsa

Mafi yawan enzayim furotin ne, watau irin sinadarin da ke cikin nama da wake da farin ƙwai. Ana ƙera kowane ɗaya ne daga ƙananan tubala iri 20, a jera su kamar carbi mai ɗaruruwan 'ya'ya, sa'an nan carbin ya nannaɗe kansa ya zama dunƙule mai siffa ta musamman. A jikin dunƙulen akwai wani ɗan lungu, kuma a nan ne ake yin aikin. Abin da siffarsa ta dace da lungun shi kaɗai ke shiga. Shi ya sa dillalin sitaci ba ya taɓa nama, na nama kuma ba ya taɓa mai, kamar yadda dillalin goro ba ya shiga harkar dawaki.

Cikin 1894 wani masani Bajamushe, Emil Fischer, ya kwatanta wannan da kwaɗo da mabuɗinsa. Cikin 1958 kuma Daniel Koshland na Amurka ya gyara kwatancen, ya nuna cewa lungun ba a sandare yake kamar ƙarfe ba, yana rufowa ne ya damƙe abin da ya shigo, kamar yadda hannu ke damƙe abin da aka ɗora masa. Da ya damƙe sai ya lanƙwasa shi daidai inda ake son karyawa, yadda mai rake kan nemi gaɓa kafin ya karya, ko kuwa ya riƙe abu biyu fuska da fuska har su manne. Sa'an nan ya buɗe ya saki, wani ya shigo.

Saurin wannan aiki ya wuce misali. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani enzayim mai suna kabonik anhaidires, wanda ke taimakawa wajen kwaso gurɓatacciyar iska daga sassan jiki zuwa huhu. Guda ɗaya tak yana iya gama aiki har sau miliyan 1 a cikin daƙiƙa guda. Wanda ya taɓa ganin kumfar da ke tashi idan aka zuba ruwan haidurojin a kan ciwo, to ya ga aikin wani mai suna katalas da idonsa. Cikin 1995 wasu masana biyu a Amurka, Radzicka da Wolfenden, suka auna wani sauyi da jiki ke bukata wajen gina kayan gadon halitta, suka tarar cewa in babu enzayim sai an yi shekara miliyan 78 kafin rabinsa ya auku, amma da enzayim ko daƙiƙa guda ba ya cikawa. A cikin Suratuz Zariyati, aya ta 21, Allah Ya kira mu da mu duba kawunanmu. Lalle wanda ya duba wannan ya ga abin lura.

Yadda aka gano su

Mutane sun daɗe suna cin moriyar enzayim ba su san sunansa ba. Sai cikin 1833 wasu Faransawa biyu, Payen da Persoz, suka tsamo daga tsiron sha'ir wani abu mai mayar da sitaci sukari. Cikin 1836 Theodor Schwann ya gano fefsin, mai narkar da nama a cikin tumbi. Kalmar enzayim kanta Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta cikin shekarun 1870, daga harshen Girka, ma'anarta abin da ke cikin yisti. A lokacin masana da yawa suna ganin irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai a cikin ƙwaya mai rai. Cikin 1897 Eduard Buchner ya niƙe yisti ya tace ruwansa, babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki, amma ruwan ya ci gaba da sarrafa sukari. Cikin 1926 kuma James Sumner ya tsarkake wani enzayim daga wani irin wake, ya tabbatar da cewa furotin ne.

Waɗansu sun ɗauka wannan ya rushe imani, wai tun da an gano abin da ke tafiyar da jiki. Musulmi bai ga abin tsoro a nan ba. Mu mun san wuta sababi ce ta ƙuna, ruwa sababi ne na ƙosar da ƙishirwa, kuma sanin sababi ba ya kore Wanda Ya halicci sababin. Wanda ya gano yadda agogo ke tafiya bai tabbatar da cewa babu maƙerinsa ba.

Ofis mai tsari

Ma'aikatan gwamnati sun san yadda fayil ke bin tebur bayan tebur, kowane akawu ya yi nasa ya miƙa gaba. Haka ake sarrafa abinci a cikin ƙwayar halitta. Zangon farko na farfasa sukari kaɗai mataki 10 ne, kowane mataki da enzayim nasa. Daɗin daɗawa, idan abin da ake samarwa a ƙarshe ya wadata, shi da kansa yakan komo ya manne wa wani enzayim na farkon layi ya dakatar da shi, kamar mai kula da sito ya aika a daina oda domin wuri ya cika. Ta haka jiki ba ya almubazzaranci.

Mai azumi ya fi kowa cin gajiyar wannan tsari. Bayan sahur, waɗansu enzayim a cikin hanta sukan ɗaure rarar sukari su adana, abin da ya kai wajen giram 100. Da rana ta yi nisa, sukarin jini ya fara raguwa, sai a dakatar da masu ɗaurewa a tashi masu kwancewa, su riƙa sako shi kaɗan kaɗan domin ƙwaƙwalwa. Idan ajiyar ta yi ƙasa, sai waɗansu su shiga narkar da kitse. Mutum yana can yana karatun Alƙur'ani ko yana ciniki, bai ba da umurni ko ɗaya ba.

Sai dai waɗannan ma'aikata suna da sharuɗɗa. Tun da aikinsu ya dogara ne ga siffarsu, duk abin da ya ɓata siffar ya kashe aikin. Zafi mai yawa yakan warware naɗinsu, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a kasko ba ya komawa. Sanyi kuwa ba ya kashe su, rage musu sauri yake yi, shi ya sa nama ke daɗewa a firiji. Fefsin ba ya aiki sai a cikin tsananin tsamin tumbi, alhali amilas na cikin yawu da ya isa wannan tsami sai ya tsaya. Da yawansu kuma suna bukatar mataimaki daga abinci, kamar sinadarin zink ko bitamin B. Magunguna da dama ma ta nan suke bi: asfirin yana toshe enzayim mai haddasa zogi da kumburi, fenisilin kuma yana toshe wanda ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi.

Abin da iyayenmu suka sani

Mai kunun zaƙi takan niƙa ɗanyen dankali ko tsiron hatsi ta zuba a cikin damammen kunu bayan ya ɗan huce, ta rufe ya kwana. Da safe sai ta tarar ya tsinke ya yi zaƙi. Amilas ne ya yayyanka sitaci ya mayar da shi sukari. Mai girki takan naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda, domin a cikin ƙaron gwanda akwai enzayim mai sassauta nama. Matan Fulani a ƙasashen Kwara da Oyo da arewacin Binin sukan daskarar da madara da ruwan ganyen tumfafiya, su sami cukun da Yarabawa ke kira wara, mutanen Binin da Gana kuma wagashi.

Sha'anin rogo ya fi waɗannan nauyi. A cikin rogo mai ɗaci akwai wani sinadari, akwai kuma enzayim da ke farfasa shi ya fitar da guba mai suna sayanayid, amma a ware suke sai an goge rogon ko an jiƙa shi. Gogewa da jiƙawa na 'yan kwanaki, da matsewa da toyawa, su ke ba enzayim lokacin sakin gubar ta fice. Idan aka yi gaggawa, gubar takan saura, ita kuwa aikinta shi ne toshe enzayim da ƙwayoyin jiki ke amfani da iska ta hanyarsa. Saboda haka mai sarrafa gari da ya rage kwanakin jiƙo don ya riga kowa kai kaya kasuwa, ya sani ba algus kaɗai ya yi ba, wasa ya yi da rayukan bayin Allah.

Idan tebur ɗaya ya zama babu kowa

Akwai wani enzayim da likitoci ke kira G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga lalacewa. Mutane wajen miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, ya fi bayyana ga maza, kuma yana da yawa a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya da Nijar. Mai wannan hali lafiyarsa lau, har sai ya gamu da waɗansu abubuwa, kamar maganin zazzaɓi mai suna firimakwin, ko fararen ƙwallayen kafur da ake sawa cikin akwatin tufafi. Sai jininsa ya shiga farfashewa, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu. Ga jariri wannan shawara tana iya taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Don haka kada a adana kayan jarirai da kafur, kuma jaririn da idanunsa suka yi rawaya a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran suna. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a.

Haka nan mutane da yawa idan sun girma enzayim mai narkar da sukarin madara yakan ragu a hanjinsu, sai ɗanyar madara ta riƙa kumbura musu ciki, alhali Fulani da yawa suna riƙe da nasu har tsufa. Kindirmo yakan fi yi wa irin waɗannan sauƙi, domin ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun riga sun rage sukarin.

Komawa kan cuku

A cikin Suratun Nahli, aya ta 66, Allah Ya ja hankalinmu ga yadda tsarkakakkiyar madara ke fitowa daga cikkunan dabbobi. Ɗan maraƙi ko ɗan akuya mai shan mama yana da wani enzayim a tumbinsa na huɗu, mai suna kaimosin, wanda ke yanke furotin madara a wuri guda tak, sai madarar ta daskare ta daɗe a ciki har ta narke da kyau. Wannan shi ne sirrin infaha.

Asalin cuku halal ne. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cuku a Tabuka, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah ya yanka. Babu saɓani kuma a kan infahar dabbar da ake ci idan an yanka ta bisa shari'a. Saɓani yana kan infahar mushe. Mazhabar Imamu Malik da ta Imamu Shafi'i suna ganin najasa ce, domin ta fito daga mazubi mai najasa. Imamu Abu Hanifa yana ganin mai tsarki ce, domin a wurinsa ba abu ne da rai ke zama a cikinsa ba, balle mutuwa ta same shi. An ruwaito maganganu biyu daga Imamu Ahmad, Ibnu Taimiyya kuma ya zaɓi tsarki, yana kafa hujja da cewa sahabbai sun ci cukun Majusawa bayan buɗe Iraƙi. Abin da aka ciro daga alade kuwa haramcinsa a fili yake.

A yau abin daskarar da madara iri biyar ne. Akwai na tumbin maraƙi. Akwai fefsin na tumbin alade, wanda masana'antu suka riƙa gaurayawa da na maraƙi cikin shekarun 1960 da 1970 sa'ad da na maraƙi ya yi ƙaranci, ko da yake amfani da shi ya ragu ƙwarai daga baya. Akwai na tsirrai irin su tumfafiya. Akwai wanda ake samu daga waɗansu nau'o'in funfuna. Na biyar shi ne kaimosin da ake sa ƙananan ƙwayoyin halitta su samar a cikin manyan tukwane ba tare da an yanka dabba ba, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi cikin 1990, kuma da shi ake yin mafi yawan cukun Amurka da Ingila yanzu. Ukun ƙarshe ba su da matsalar mushe.

Sanin kimiyya ya ƙara haske a wurare biyu. Na farko, infahar da magabata suka sani ita ce daskararriyar madarar da ake tararwa a cikin tumbi, amma ta masana'anta ana samunta ne ta hanyar yayyanka fatar tumbin kanta a jiƙa a ruwan gishiri, saboda haka ba lalle ne hukuncinsu ya zama ɗaya ba. Na biyu, waɗansu sukan kafa hujja da istihala, watau sauyawar abu daga asalinsa, kamar giyar da ta juye da kanta ta zama khallu, wadda malamai suka haɗu a kan tsarkinta. To, amma mun riga mun ga cewa dillali ba ya sauyawa a cikin ciniki. Madara ce ta sauya, enzayim yana nan yadda yake. Abin da za a iya cewa shi ne, ɗigo kaɗan ne ake sawa a cikin madara mai yawa, kuma mafi yawansa yana tafiya da ruwan da ake tsiyayewa. Ko wannan ya isa rangwame, wannan aikin malaman fatawa ne, ba na mai kanti ba.

Haka kuma akwai maganin taimaka wa narkar da abinci mai suna fankiriyatin, wanda daga alade ake samunsa. Malamai da yawa sun yi rangwame ga marar lafiyar da likita amintacce ya tabbatar masa babu madadi, saboda larura. Wannan rangwame bai shafi mai neman daɗin baki ba.

Nasiha

Mai shigo da cuku ko abincin da aka haɗa da shi, ya karanta abin da aka rubuta a jikin fakiti, ya tambayi kamfani asalin abin da aka daskarar da madarar da shi, ya fifita mai shaidar halal daga hukumar da aka yarda da ita. Mai saye ya dogara ne da shi, wannan kuwa amana ce. Mu da muke bin mazhabar Malik, barin abin da aka tabbatar da mushe aka yi shi ya fi mana kwanciyar rai, amma kada mu fasiƙantar da wanda ya bi maganar Abu Hanifa, kada kuma mu yaɗa jita-jitar alade a kan hajar wani ba da hujja ba. Iyaye kuwa su ƙarfafa wa 'ya'yansu guiwa su haɗa karatun fiƙihu da na kimiyya, domin mas'aloli irin waɗannan ba su warwaruwa sai da su biyun.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram, Ya ƙara mana lafiya da basira, amin.